Na Biya Kuɗina Ruwa Ya Dake Ni a Milford

Tun ƙarfe huɗu na asuba nake jin ruwa yana dukan kwanon ɗakin da muka kwana a garin Te Anau. Na idar da salla, na ɗaga labule, ban ga komai ba sai fitilar titi da igiyoyin ruwa suna ratsa haskenta. Raina ya ɓaci. Kuɗin tafiyar nan zuwa Milford, wata mashigar teku tsakanin duwatsu a kudancin Niyu Zilan, ba kaɗan ba ne, kuma hotunan da suka jawo ni duk na rana ne tarwai, sama shuɗiya, dutse ya tsaya yana kallon kansa a ruwa.

Na ce, "Yaya, ba za mu kira su a ɗaga mana zuwa gobe ba?"

Yayana, wanda ya shekara tara yana aiki a Niyu Zilan, ko ɗagowa bai yi ba daga igiyar takalmin da yake ɗaurewa. Ya ce, "Kai dai sa rigarka. Wanda ya ce sai ruwa ya ɗauke zai ga Milford, ya nemi gidan haya."

Watan Janairu ne, tsakiyar lokacin zafinsu. A gida Katsina kuwa hunturu ne ya kankama, leɓe na tsagewa, rabon ƙasa da ɗigon ruwa wata uku.

Ƙaramar bas ce ta zo, mu goma sha ɗaya, da wata matashiya Baturiya wadda ita ce direba, ita ce kuma jagora. Daga Te Anau zuwa Milford kilomita 119 ne, hanya ɗaya tilo, ba gidan mai, kuma ba mu yi nisa ba sabis ɗin waya ya ɗauke. Da farko gonaki ne da tumaki, sai kwarin Eglinton mai faɗi da ciyawa ruwan zinariya. An tsaya da mu a wasu ƙananan tafkuna da suka yi suna wajen nuna hoton duwatsu kamar madubi. Mu dai ba mu ga madubi ba, ruwan sama ya farfasa shi. Na koma mota ina ƙunƙuni.

A nan ne jagorar ta faɗi adadin da ya sa na yi tsit. Milford na samun ruwan sama fiye da milimita 6,000 a shekara, kuma kusan rabin kwanakin shekara ana ruwa. Na yi lissafi a zuci. Abin da Katsina ke samu a damina guda, wanda muke fita roƙo idan ya yi jinkiri, sai an ninka shi wajen sau goma. A taƙaice marka ce wadda ba ta san watan Agusta ba.

Hanya ta yi ta hawa har muka iske bangon dutse ya tare gabanmu ɗungurum. A gindinsa akwai wani baƙin rami, da fitilar ba da hannu a bakinsa. Ramin Homer ke nan, tsawonsa kilomita 1.2. A 1935 aka fara haƙa shi, lokacin da tattalin arziƙin duniya ya karye, gwamnati ta samar wa marasa aiki abin yi. Mutum biyar ne suka fara, da diga da baro. Ƙanƙarar da ke zaftarowa daga saman dutsen ta kashe ma'aikata uku, Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da aikin, ba a buɗe wa motoci ba sai 1954.

Muna jiran fitila ta ba mu hannu sai ga wani tsuntsu ya dira a kan madubin motar da ke gabanmu. Aku ne, amma ba irin namu mai toka-toka da jar wutsiya ba. Kore ne mai duhu, ƙato, idan ya buɗe fiffike sai ka ga ja kamar garwashi a ƙarƙashi. Sunansa kiya, shi ne akun da ke rayuwa a duwatsu masu ƙanƙara. Ya karkata kai ya leƙa direban, sannan cikin natsuwa ya sa baki ya fara ɓantarar robar gilashi, kamar bakaniken da aka ba jinga. Mai motar yana ta kaɗa hannu, shi kuwa ko a jikinsa. Doka ta hana a taɓa shi, ta hana a ba shi abinci, kuma ga alama ya san da haka.

Ramin gangare ne, duhu, ruwa na ɗiga daga rufinsa. Da muka fito ɗaya ɓangaren, surutun motar ya mutu.

Duwatsu ne baƙaƙe a hagu da dama, kansu ya shige cikin gajimare, kuma ko'ina a jikinsu ruwa ne ke zubowa. Ba magangara ɗaya ko biyu ba. Na fara ƙirgawa, na kai talatin da wani abu na bari. Wasu sirara kamar zaren da aka warware daga mazari, wasu masu kauri, wasu kuma iska na kama su tun ba su kai ƙasa ba ta mayar da su sama su zama hayaƙi. Jagorar ta ce galibinsu ba su da suna, domin 'yan sa'o'i bayan ruwa ya ɗauke za su ɓace. Dutsen ba shi da ƙasar da za ta shanye ruwa, abin da ya sauko daga sama nan take yake gangarowa. Masu zuwa ranar da ake rana, biyu kacal suke da tabbacin gani a bakin tekun.

Yaya ya zungure ni da gwiwar hannu. "Har yanzu a ɗaga zuwa goben?"

Ban tanka masa ba.

Tsarin tafiyar shi ne ƙafa da safe, jirgi da rana. Wani ƙaramin jirgin ruwa mai inji ya tsallakar da mu cikin 'yan mintuna zuwa wani wuri da sunansa kaɗai ya isa gargaɗi: Sandfly Point, wato tsinin ƙyashi. Nan ne ƙarshen shahararriyar hanyar ƙafa ta Milford, mai kilomita 53.5, wadda mutane ke yi wa kwana huɗu daga bakin tafkin Te Anau. An ce Quintin McKinnon ne Bature na farko da ya gano mashigar dutsen da ta haɗa ɓangarorin biyu a 1888, ko da yake Mawori, 'yan asalin ƙasar, sun daɗe suna ratsa yankin neman koren dutsen da suke kira pounamu. Mu ta wutsiya muka kama hanyar: kilomita biyar da rabi zuwa magangarar Giant Gate, sannan mu juyo.

Na tashi da al'adar shiga daji ido a ƙasa. Na yi wajen minti ashirin ina duban kowane gungume kafin in tsallaka, har jagorar ta lura ta tambaye ni ko na yar da wani abu. Na ce maciji nake dubawa. Ta yi dariya, ta ce babu maciji a dajin ƙasar nan, ko ɗaya. Babu kura, babu dila, babu wani abin da zai biyo ka. Kafin mutane su zo, dabbar tudu mai shayarwa a ƙasar jemage ne kawai. Na ji ta, na yarda, amma wuyana ya ƙi yarda. Sai da muka kusa rabin hanya na iya ɗaga kai.

Da na ɗaga kuwa na ga abin da na yi ta wucewa. Babu inda ba kore ba. Gansakuka ta lulluɓe kututture, ta lulluɓe duwatsu, ta rataya a rassa kamar gemun tsoho. Na danna tafin hannuna a jikin wata bishiya, hannun ya nutse har wuyansa, ruwa ya tsiyayo ta tsakanin yatsuna kamar na matse soso. Bishiya na tsirowa a kan bishiya. Wadda ta faɗi ba ta bushewa ta zama itacen girki, ruɓewa take a kwance 'ya'ya su fito a bayanta. Na tuna yadda mata ke tafiyar kilomitoci a wajenmu neman ƙirare, ga shi nan an zubar ba mai ɗauka, ba kuma zai kama wuta ba ko an ɗauka.

Jefi-jefi a gefen hanya akwai wasu akwatunan katako masu raga a baki. Tarkuna ne. A shekarun 1880 Turawa suka shigo da wata dabba mai kama da tunku don ta rage musu zomaye, waɗanda su ma su ne suka kawo su. Dabbar ta ga tsuntsayen ƙasar, da yawansu a ƙasa suke ƙwai, wasu ma ba sa tashi, sai ta bar zomo ta koma musu. Yau hukumar kula da gandun daji ce ke bin ta da tarko, ana sa mata ƙwai a ciki. Dajin ya fi yadda na zata shiru, kuma dalilin ke nan. Duk da haka wani ɗan tsuntsu mai toka-toka ya sauko har kan takalmin Yaya yana tsintar ƙwarin da sawunmu ya tono, ba tsoro ko kaɗan. Na fahimci yadda aka yi aka kusa cinye su.

Hanyar ta bi gefen kogin Arthur da tafkin Ada, wanda zaftarewar dutse ta tare kogin ta haifar ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Wani sashe na hanyar shimfiɗaɗɗe ne sumul, fursunoni ne aka kawo suka fara gyara shi wajen 1890. Na yi ta tunanin irin laifin da mutum zai yi a yanke masa fasa dutse a cikin wannan ruwa da waɗannan ƙwari.

Giant Gate ba ta cika tsawo ba, kimanin mita 30, amma ranar ta cika ta batse. Daga kan gadar igiya da ke lilo a gabanta ba ka jin maganar na kusa da kai. Muka fake a wata rumfa, jagorar ta fito da filas ta zuba mana shayi, ni da Yaya muka ci burodi da kifin gwangwani. Ta ɗebi ruwan rafin da kofi ta sha. Na sha ni ma. Sanyinsa ya riƙe mini haƙora, ɗanɗanonsa kuwa babu, ko na ƙasa, ko na randa.

A nan na yi wautar ranar. Tun a mota jagorar ta ba mu maganin shafawa, ta ce kada mu bar fata a buɗe idan mun tsaya. Na shafa sama-sama, don warinsa bai yi mini ba. Da muka dawo Sandfly Point muna jiran jirgi, na ga ruwa mai tsabta, na ce bari in yi alwala in riƙe. Na naɗe hannun riga, na cire takalmi da safa. Kafin in gama wanke fuska, damatsana sun yi baƙi. Ƙanana ne, ba su kai ƙwayar gero biyu ba, ba sa kuka kamar sauro balle ka san sun zo. Na yi shafar kai ina tsalle, na wanke ƙafa ina marin ƙauri. Yaya yana gefe, hannu cikin aljihu, ya ce, "Wanda bai ji bari ba..." Bai ƙarasa ba, dariya ta ci ƙarfinsa.

Turawa na ce musu ƙyashi, amma a gaskiya dangin baƙin ƙudan nan ne na bakin koguna masu gudu, wanda a wasu sassan Najeriya ke jawo makanta. Na nan ba sa ɗauke da wannan cuta, ƙaiƙayi kawai suke bari, nawa ya yi mako guda. Mawori na kiran su namu, kuma suna da labari a kansu. Wai bayan wani gwarzo, Tu-te-raki-whanoa, ya sassaƙa waɗannan mashigai da gizagonsa, ya fara daga kudu hannunsa na faɗawa har ya ƙare da Milford wadda ta fi kyau, sai uwargijiyar mutuwa, Hine-nui-te-po, ta ji tsoron mutane za su zo su ƙi tafiya, ta saki ƙwarin don kada kowa ya daɗe. Na gaya wa Yaya cewa a Hausa ma kalma ɗaya ce, ƙyashin ƙwaro da ƙyashin hassada, ga shi labarin nasu ya haɗa duka biyun. Ya ce in bar falsafa in sa safa.

Babban jirgin mai hawa biyu ne, da ɗaki mai ɗumi da shayi kyauta. Yawancin mutane suka zauna ciki suna kallo ta gilashi. Ni da na riga na jiƙe sharkaf, ban ga abin da zan tsare ba, na hau sama.

Sunan wurin ma, Milford Sound, kuskure ne, in ji mai magana a lasifikar jirgin. Abin da Turawa ke kira sound, kwarin kogi ne da teku ta malale. Wannan kuwa fiyod ne, irin na ƙasar Norwe: ƙanƙara ce mai kaurin gaske ta yi dubban shekaru tana jan ciki daga kan duwatsu zuwa teku, tana nuƙe dutse a ƙarƙashinta, har ta haƙa kwari mai bango a miƙe. Da ta narke, teku ta shigo ta cike gurbin. Shi ya sa babu gaɓa. Dutsen yadda ya sauko daga sama haka yake wucewa ƙasan ruwa, zurfin ya kusa mita 300 a wasu wurare, har jirgi kan matsa dab da bango ba tare da tsoron ƙasa ba. Wani mafaraucin dabbobin teku ɗan yankin Wels na Birtaniya, John Grono, shi ya sa wa wurin sunan wani gari na yankinsu wajen 1812. Mawori kuwa Piopiotahi suke cewa, da sunan wani tsuntsu da ya riga ya ƙare a duniya, kuma tun 1998 sunayen biyu ne a hukumance.

Idona ya kasa auna girman abin. Dutsen Mitre, wanda ke kan kowane katin hoto, ya tashi daga cikin ruwa kai tsaye kusan mita 1,700. A ɗora Dutsen Zuma biyar bisa juna, da sauran tafiya. Ranar kansa na cikin gajimare, kafaɗunsa kawai muka gani. Abin da ya gwada mini girman shi ne wani jirgin da ke can gindin bango, wanda na ɗauka kwale-kwalen masunta ne, sai da muka matso na ga ya fi namu girma.

A jikin bangayen akwai bishiyoyi, kuma na kasa gane abin da suka riƙe. Ashe juna suka riƙe. Gansakuka ce ke fara kama dutse, ƙananan tsirrai su kama ta, bishiyoyi su saƙa saiwoyinsu cikin na juna kamar tabarma. Ranar da ruwa ya yi yawa ɗaya ta saki, sai ta ja na ƙasa da ita, dajin ya zame gaba ɗaya ya faɗa teku. Mun wuce tabo irin wannan da dama, fari fat daga sama har ƙasa, kamar an feɗe dutsen. Sai an yi gomman shekaru kafin ya rufe.

Ruwan da muke kai ma ba shuɗi ba ne, launin shayi ne ba madara. Ruwan sama da ya ratso daji yana kwaso launin ganye, kuma da yake ya fi na gishiri rashin nauyi, sai ya kwanta a samansa, kaurin mita da yawa. Wannan bargo yana tare haske, har halittun da a wasu tekuna sai can ƙasa ake samunsu, kamar baƙin murjani, a nan suna rayuwa a zurfin mita goma. Teku ce a ƙasa, tafki a sama.

Tsawon mashigar wajen kilomita 15 ne. Da muka kai bakinta, bangayen suka buɗe, tekun Tasman ta karɓe mu da wani irin lilo mai tayar da zuciya. Kifin gwangwanin ya fara yi mini magana. Jirgin ya juya, na waiwaya, sai na nemi ƙofar da muka fito na rasa. Duwatsun sun rufe ta kamar labule. Kyaftin Cook, matuƙin jirgin nan mai bincike ɗan Birtaniya, shi ma haka ya wuce ta a 1770 bai san akwai ta ba.

A dawowa muka tsaya gaban wani falalen dutse inda wasu dabbobin teku masu gashi, da ake kira sil, ke kwance suna barci cikin ruwan sama. Irinsu ne su Grono suka zo kashewa don fata har suka kusa ƙarar da su. Ɗaya ya buɗe ido ɗaya, ya dube mu, ya sosa ciki, ya koma barcinsa.

Sai magangarar Stirling, mita 151. Lasifika ta ce duk wanda ba ya son jiƙewa ya shiga ciki, jirgin zai sa hancinsa a ƙarƙashinta. Muka rage mu biyar a gaba. Tun daga nesa iskar da ruwan ke turowa ta fara ture ni. Ƙarar ta cika kunne, ta cika ƙirji. Sannan komai ya yi fari. Ban iya buɗe ido ba, ban iya numfashi ta hanci ba, ruwa ya shiga ta wuyan rigar leda ya gangara har cikin takalmi. Na ji wani yana ihu da Hausa, yana "Wayyo Allah! Allahu Akbar!" Da jirgin ya ja baya na ga ashe Yaya ne, mutumin da shekara tara ban ji ya ɗaga murya ba, gilashinsa a hannu, yana dariya kamar yaron da ya fita wankan ruwan farko.

Kusa da tasha muka wuce magangarar Bowen, mita 162, wadda ita ke ba ɗan ƙauyen ruwan sha da wutar lantarki. Muka sauka, muka sami wani lungu a ƙarƙashin rumfa, muka haɗa azahar da la'asar, ƙasaru. Na sake alwala a famfo, a cikin gini wannan karon. Na tsaya ina fuskantar inda jikina ya ce gabas ne, Yaya ya kama kafaɗata ya juya ni. A can alƙibla yamma take, da ɗan karkata kudu. Mu da muke ce wa salla duban gabas.

Ƙarfe tara na dare muka gama cin abinci a Te Anau, gari da sauran haske. A Katsina tara na safe ne, na kira Baba. Muka gaisa, ya tambayi Yaya, ya ce sanyi ya matsa musu bana, ƙura har cikin kunu. Na ba shi labarin ruwan, na gaya masa ninki goma. Ya sa na maimaita.

Ya ce, "To, me suke shukawa a wurin?"

Na ce, "Ba komai, Baba. Dutse ne. Gandun gwamnati ne ma, tun 1952 an hana taɓa shi."

"Duk ruwan?"

"Duk yana komawa teku."

Na ji shi yana maimaita wa wani a gefensa, ina jin maƙwabcinmu ne da suke zaman hantsi tare, na ji muryar mutumin yana salati. Baba ya dawo kan layi ya ce in turo hoton mai motsi a wayar ƙanwata, tasa ba ta buɗewa, kuma in tabbata na sa har da wurin da yayan nawa yake ihu.